An Ce Ka Warke

Ƙarar fashewar kofi ce ta fito da Auta daga kicin a guje, hannuwanta duk kumfar sabulu. A tsakiyar falo ta tarar da mijinta Dogo, shayi ya wanke masa gaban wando, shi kuma ya ƙura wa hannunsa na dama ido kamar ba nasa ba.

"Ka ƙone?" ta tambaya tana jujjuya yatsunsa.

"Da na ji ƙunar ma ai da na yi murna," ya ce. "Wallahi ban san lokacin da ya suɓuce ba. Ji nake kamar an zura min safar hannu mai kauri an hana ni cirewa."

"To kofi ne kawai. Dama na tsani kalarsa, ka huta da ni."

Ya yi ɗan murmushi, amma idonsa bai yi ba.

Shekara uku ke nan da aurensu. A shagon gilashi na marigayi mahaifinta suka haɗu, lokacin Dogo ne gwanin yanka na shagon: ja ɗaya yake yi wa gilashi, ya ɗan danna, ka ji ƙas, ya rabu biyu kamar da ruwa aka yanka. Ba su cika shekara biyu da aure ba aka gano yana da kansar hanji. Aka yi masa tiyata, ya sha kemo, wato maganin kashe cutar, wata shida. Babban wan Auta, wanda kowa ke kira Yaya Babba, shi ne ke riƙe da shagon tun rasuwar mahaifinsu, kuma shi ya riƙa kai Dogo asibiti a motarsa. Yana wurin ranar da likita ta ce babu sauran cutar a jikinsa. Kowa ya yi hamdala, 'yan dubiya suka watse.

Amma yatsun Dogo ba su dawo ba. Tafin ƙafarsa kullum kamar yana taka auduga. Kafin azahar gajiya ta danne shi kamar an aza masa buhun siminti, ga zuwa banɗaki sau biyar sau shida a wuni. Maganin jijiyar da aka ba shi kuwa barci yake sa shi. A haka ya koma aiki, yau sati uku.

"Pilis, ka bari in gaya wa Yaya," Auta ta ce tana kwashe fasassun kofin. "Gilashi fa kake ɗauka, ba katifa ba."

"A'a!" Ya faɗa da ƙarfin da ya ba shi kunya, sai ya sassauta murya. "Mutumin da ya ajiye min gurbina sama da shekara? In je in ce masa ban iya riƙe abin yanka ba? To me zan zama a shagon gilashi, Auta? Maigadi? Ki bar ni, zai wuce. Ki yi min alƙawari."

Ta gyaɗa kai. Wannan alƙawarin ta daɗe tana da-na-sanin yin sa.

Da rana ta ɗauki kular abinci ta nufi shagon. Tun daga bakin titi ta ji muryar Yaya Babba tana tashi. Tana shiga ta ga ma'aikata uku sun yi cirko-cirko, ƙasa kuma ta cika da ɓaraguzan wani babban gilashi mai kauri, irin na ƙofar ofis. Dogo na tsaye jikin teburin yanka, idanunsa jajur na wanda aka tasa daga barci.

"Na uku ke nan a sati biyu!" Yaya Babba ke faɗa. "Na uku! Ka fasa, ka lallaɓa bayan sito ka kwanta kana minshari, mai kaya na tsaye yana jira! Kullum kana banɗaki, kullum kana tangaɗi, hannu na rawa. Ka ɗauka ni yaro ne?"

"Yaya, ka yi haƙuri, jikina ne..."

"Jikinka?" Ya kai hannu aljihun rigar Dogo ya fizgo wani ƙaramin kwali, ya ɗaga sama kowa ya gani. "Ga jikin nan! Ƙwaya! Dama an gaya min, na ƙi yarda!"

Kafin Dogo ya buɗe baki, mari ya sauka a kuncinsa, tas! Ƙafafunsa da ba sa jin ƙasa sosai suka ci amanarsa, ya tafi taga-taga ya faɗi jikin tarin sandunan almini, suka zubo masa da ƙara.

Kula ta faɗi daga hannun Auta. "Yaya! Maganin likita ne! Wallahi na jijiya ne, kemo ce ta kashe masa yatsu!"

"Rufe min baki! A gabana likita ta ce ya warke, da kunnena na ji! An ce ka warke, ka warke! Ashe ke ma kin sani kina rufa masa asiri?"

Ya suri sandar almini guda ya shiga jibgar Dogo, a baya, a kafaɗa, a cinya. Dogo bai rama ba, ya dai naɗe jikinsa yana kare cikinsa, inda ɗinkin tiyata yake. Ma'aikatan suka matso suna ba da haƙuri, Yaya Babba ya juyo da sandar kansu: "Duk wanda ya taɓa ni, aikinsa ya ƙare yau!" Suka ja da baya. Ya sa ƙafa ya shuri Dogo a haƙarƙari.

Auta ba ta san lokacin da ta faɗa kan mijinta ba. Sandar da aka ɗaga ta sauka a kafaɗarta, zafi ya ratsa ta har ƙwaƙwalwa, ta ƙwalla ƙara amma ba ta saki Dogo ba.

"Ka kashe mu tare! Ka kashe mu tare, Yaya!"

Ya jefar da sandar, ya damƙi hannunta ya ja ta a ƙasa, takalminta ɗaya ya fita, gwiwarta ta gurje a kan ɓaraguzan gilashi. Ya tura ta cikin mota ya kulle. Ta tagar mota ta hango Dogo yana ƙoƙarin tashi, yana dafa ƙasa, yana komawa.

Gidan mahaifiyarsu ya kai ta. Inna na zaune a falo tana lazimi ta ga an wurgo mata 'yarta, mayafi a yage, gwiwa na jini.

"Innalillahi! Babba, me ta yi maka?"

"Mijinta ɗan ƙwaya ne, Inna, ita kuma tana ɓoye masa. Baba ya bar min amanarta. Ba za ta fita daga gidan nan ba sai da takardar sakinta!"

"Ƙarya ne, Inna! Ki kira likitarsa ki ji!" Auta ta zaro waya tana neman lambar. Yaya Babba ya fizge ya maka ta da bango, ta tarwatse. Ya ja ta zuwa tsohon ɗakinta na 'yan matanci, ya kulle, ya miƙa wa Inna makulli.

"Idan kika buɗe mata, Inna, duk abin da ya same ta ke ce."

Inna ta karɓa. Tun rasuwar mijinta ba ta taɓa musa wa Babba ba.

Kwana uku Auta ta yi a ɗakin. In Inna ta kawo abinci, yadda ta ajiye haka take ɗauka. A rana ta biyu ta zauna bakin gado tana shafa mata man zafi a kafaɗa, wurin ya yi baƙi ya kumbura.

"Auta, ki gaya min tsakaninki da Allah. Yana sha?"

"Inna, ni nake saka masa maɓallin riga. Ni nake taɓa ruwan wanka in gaya masa ko ya yi zafi, don shi ba ya ji. Mutumin da ya sha wuyar kemo har ya tsani ganin allura, shi zai sha ƙwaya? Kunya ce ta hana shi faɗa. Kunyar Yaya."

"To ai an ce ya warke, 'yar nan."

"Cutar ce ta tafi, Inna. Abin da maganin ya yi masa bai tafi ba." Ta fashe da kuka. "Yanzu wa ke ba shi abinci? Wa ya duba masa ɗinkinsa? Ko murfin kwalba ba ya iya buɗewa!"

Inna ta share nata hawayen, ta fita, ta sake kullewa.

Da hantsin rana ta huɗu aka yi sallama. Auta ta gane muryar, ta duro daga gado ta manna fuskarta a ƙofa. Dogo ne. Ya shigo falo yana ɗingishi, ido ɗaya a kumbure, da ambulan na takardun asibiti a hammatarsa. Ya durƙusa ya gaida Inna. Yaya Babba, wanda ya zo tun safe, ya miƙe tsaye.

"Madalla, ka hutar da ni zuwa." Ya yago takarda, ya jefa masa biro. "Rubuta."

"Yaya, ga takardun likita, ka duba..."

Ya buge ambulan ɗin, takardu suka watse. "Na ce rubuta!"

Dogo ya miƙe a hankali. Ya fi Yaya Babba tsawo, amma yanzu rabinsa ne a jiki. "Ka doke ni a gaban abokan aikina ban ɗaga hannu ba, don kai yayan matata ne, kuma ban manta hidimar da ka yi min ba. Ka kore ni daga shago, na yarda, shagonka ne. Laifina ɗaya, na ɓoye maka halin da nake ciki. Amma wannan takardar, wallahi ko yatsuna lafiya lau suke ba zan rubuta ta ba."

"Ni kake gaya wa haka a gidan ubana?"

Ya shaƙe masa wuyan riga, ya tura shi baya da dukkan ƙarfinsa. Bayan Dogo ya daki tagar falo, gilashin ya fashe ya zubo. Inna ta yi salati. Daga cikin ɗaki Auta ta shiga dukan ƙofa da hannu biyu tana ihu: "Inna, ki buɗe! Zai kashe shi! Inna!"

Dogo ya kai hannun dama baya ya dafa bakin taga don kada ya faɗi. Yaya Babba ya kai masa naushi a baki, leɓensa ya fashe. Duk da haka bai daina magana ba.

"Ka gama dukan, Yaya, sannan ka ba ni matata. Ita ta kwana a ƙasan siminti a asibiti. Ita ta riƙe min roba ina amai. Ba ni da..."

"Ɗan nan!" Muryar Inna ce ta katse shi, da wata irin ƙara da ba a taɓa jin ta yi ba. "Hannunka! Dubi hannunka!"

Kowa ya duba. Wani tsinin gilashi mai tsawon ɗan yatsa ya shige yatsunsa biyu, jini na bin bango yana taruwa a ƙasa. Dogo ya ɗago hannun yana kallo da mamaki, kamar a jikin wani ya gani.

"Au," ya ce a hankali. "Ban ji ba."

Hannun Yaya Babba ya saki wuyan rigar, amma bakinsa bai saki ba. "Ƙwaya ma tana sa haka."

Inna ba ta ko kalle shi ba. Ta kwance makulli daga bakin zanenta ta buɗe ƙofar ɗaki. Auta ta fito a guje ta yage mayafinta ta ɗaure wa mijinta hannu, tana kuka tana kiran sunansa.

"Babba, ɗauko motarka," in ji Inna.

"Inna, wai ke ma..."

"Ni na haife ka ko kai ka haife ni? Na ce ɗauko mota! Asibiti za mu, mu huɗu. Idan ƙwaya ce, ni da kaina zan karɓar mata takarda. Idan kuwa ba ita ba ce, ka shirya abin da za ka gaya wa Allah."

A asibiti aka zare gilashin aka yi ɗinki. Dogo da kansa ya roƙi a gwada fitsarinsa a gaban yayan matarsa. Da sakamako ya fito, likitarsa, wata mace mai ƙaramin jiki da kaifin ido, ta tara su a ofishinta.

"Babu komai a jikinsa sai maganin da ni na rubuta masa," ta ce. Ta dubi Yaya Babba. "Na tuna ka, kai kake kawo shi. Na ce babu sauran kansa, gaskiya ne. Amma maganin da ya kashe cutar ya taɓa masa jijiyoyin hannu da ƙafa. Gajiyar ma daga nan take, ba lalaci ba ne. An yanke wani sashe na hanjinsa, dole ya riƙa zuwa banɗaki. Wasu abin yana raguwa da lokaci, wasu yana zama da su. Na gaya masa kada ya ɗauki gilashi, bai ji ba." Ta ɗaga rigar Dogo, shatin sanda ya bayyana layi-layi. "Wa ya yi wannan?"

Ta nuna haƙarƙarinsa.

"Wannan shurin, da ya sauko ƙasa kaɗan, a kan ɗinkin tiyata zai sauka. Da yanzu wata maganar muke yi. In rubuta ripot?"

"Ki bari, likita," in ji Dogo. "Maganar gida ce."

"Ki rubuta," Auta ta faɗa, idonta a kan yayanta. "Ba zan kai ko'ina ba. Amma a rubuta, don kada gobe wani ya ce ba a yi ba."

Yaya Babba ya sunkuyar da kai. Ya tashi ya fita, sai a mota suka same shi ya kifa goshi a kan sitiyari.

Auta ta koma gidan mijinta a ranar. Wata biyu ba ta yi wa yayanta magana ba. In ya kira sabuwar wayarta sai ta kife ta. Watannin nan ba su yi wa Dogo daɗi ba. Yakan zauna a falo tun safe, ya zuba wa hannuwansa ido. Wata rana ya ce mata, "Auta, ke yarinya ce. Anya ban cuce ki ba da na ƙi rubutawa?"

Ta ajiye tsintsiyar hannunta. "Sake faɗa in ji, in ƙarasa abin da Yaya ya fara. Hannu na aura ko mutum? Wa ya fi ka sanin awo a shagon nan? Kai fa kake kallon taga ka faɗi faɗinta kafin a ciro tef. Wannan ma kemo ta cinye?"

Ya yi dariya, karo na farko tun ranar dukan.

Ita ta riƙa tura shi. Maƙwabcinsu na gini, ta sa ya je ya auna masa tagogi. Ita ta riƙe bakin tef, shi yana faɗa tana rubutawa. Awo ya fita daidai, ko gashi bai ƙaru ba. Maƙwabcin ya gaya wa wani, wani ya gaya wa wani. Kwana biyu a sati suke fita, da safe kawai, in ya gaji su dawo.

Wata safiya Inna ta aiko su zo shago. Auta ta so ƙi, Dogo ya ce su je. Suka tarar an tara ma'aikata duka, Inna na zaune a kujera. Yaya Babba ya rame. Ya tako har gaban Dogo, a daidai wurin da ya doke shi, ya durƙusa gwiwa biyu.

"A nan na wulaƙanta ka, a nan zan roƙe ka. Na kira ka ɗan ƙwaya, ƙarya na yi. Na doki marar lafiya, na doki ƙanwata. Ka yafe min don Allah." Ya ɗago kai. "Tun da ka tafi sau huɗu ana dawo mana da aiki saboda kuskuren awo. Amma ko ba ka dawo ba, ka yafe min."

Dogo ya kamo shi ya ɗaga. "Na yafe, Yaya. Ni ma da na faɗi gaskiya tun farko, da ba mu kai nan ba."

"Ni ban gama ba," in ji Auta. Kowa ya juyo. "In zai dawo, ba zai ɗauki gilashi ba, ba zai yanka ba. Awo da duba aiki da koya wa masu yanka. Ƙarfe takwas zuwa ɗaya. A sa masa kujera kusa da banɗaki. Ranar da jiki ya ƙi, ya kira ya ce ba zai zo ba, ba wanda zai ɗaga masa murya."

"An yi, ranki ya daɗe," Yaya Babba ya ce yana share ido. Ma'aikatan suka kwashe da dariya. Sai a lokacin ta kalle shi ta ce, "Ina kwana, Yaya."

Bayan shekara ɗaya da rabi ƙafafun Dogo sun ɗan yi sauƙi, yatsun kuwa suna nan yadda suke. Har yanzu akwai ranakun da ba ya iya fita. Amma babu gilashin da ake yankawa a shagon sai ya duba awon, kuma masu gini da sunansa suke zuwa tambaya.

Ranar da Auta ta haihu, nas ta miƙo masa jaririya a naɗe cikin tawul, ya ja da baya ya ɓoye hannuwansa.

"Kada in yar da ita," ya ce.

"Zauna," in ji Auta daga kan gado. Ya zauna. "Inna, ɗora masa ita a ƙirji."

Inna ta ɗora. Ya zagaye ta da damatsansa, ya sunkuyar da kuncinsa kan ɗan ƙaramin kanta. Ɗuminta ya ratsa shi, ya ji bugun zuciyarta a jikin tasa.

"Ina jin ta, Auta," ya ce, hawaye na sauka. "Wallahi ina jin ta."

Wanda ya tashi daga babbar jinya, kada a ɗauka ranar da aka sallame shi wahalarsa ta ƙare. Sau da yawa a ranar wata sabuwa take farawa, wadda ido ba ya gani. Kafin ka kira shi rago ko ka yi masa mummunan zato, ka tambaye shi, ka saurare shi, ka rage masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. Shi ma mai ciwon kada kunya ta sa ya ɓoye wa nasa. Auta ta yi haƙuri, amma ba ta yi shiru a kan zalunci ba, kuma Allah bai bar haƙurinta ya tafi a banza ba.